Shin akwai jinin jaz a jikin kiɗan metal?

Habibu: Jama'a, ina nan a kan bakana. Duk wanda ya ce babu ruwan metal, wato kiɗan rock mai nauyi da ƙara, da jaz bai saurari Black Sabbath, ƙungiyar Ingila da ke cikin waɗanda suka assasa metal, da kunnen basira ba. Mai gangarsu, Bill Ward, da kiɗan masu gangar jaz Gene Krupa da Buddy Rich ya tashi a Birmingham, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Ku kunna waƙarsu "Wicked World" ta 1970, ku ji yadda yake kaɗa farantan ƙarfe a farkonta. Rangajin nan na jaz ne tsantsa.

Malam Isuhu: Habibu, bi a sannu. Kafin su zama Black Sabbath sunansu Earth, kuma buluz, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, suke kaɗawa a gidajen rawa. Nan cibiyar metal take. Shi jaz ransa ƙirƙira ce nan take: wannan ya jefa, wancan ya cafe, abin da aka kaɗa yau ba za a maimaita shi gobe ba. Metal kuwa a haddace ake hawa dandamali da shi.

Zainab: Malam, to mai gitarsu Tony Iommi fa? Yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe, har ya fid da rai da gita. Shugabansa a wurin aiki ne ya kunna masa faifan Django Reinhardt, gwanin jaz ɗin da gobara ta nakasa wa yatsu biyu a 1928 amma bai daina kiɗa ba. Ba don wannan faifan ba, da wataƙila babu Sabbath ɗin ma.

Malam Isuhu: Ƙanwata, labarin yana taɓa ni ƙwarai. Amma ƙarfin zuciya Django ya ba shi, ba salo ba.

Zainab: Har da salon, Malam. Saurari gitar da Iommi ya rufe waƙar "Planet Caravan" da ita, sai mu yi magana.

Bashir: Ku bar ni in sa baki. Manyan gangunan ƙafa biyu da 'yan metal ke tinƙaho da su yau, ai Louie Bellson, makaɗin jaz, shi ya yi suna da su tun shekarun 1940.

Malam Isuhu: Bashir, aron tukunya daban, aron miya daban. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne suna. Da zarar ƙungiya ta kawo kiɗa mai wuyar lissafi, ƙidayar bugunta ta ƙi zama huɗu-huɗu, sai 'yan jarida su ce "jaz metal". Haka aka yi wa ƙungiyoyin Atheist da Cynic na jihar Florida ta Amurka a kan fayafayensu na 1991 da 1993. Ina son su, wallahi, ina kuma jin inda suka ɗebo. Sai dai kusan kowane bugu nasu a tsare yake tun daga ɗakin atisaye. Idan wahala ce kaɗai ma'auni, an rage wa jaz daraja, an mayar da shi gasar gwaninta. Mutanen New Orleans da suka haife shi ba lissafi suka zo nunawa ba, hira suke yi da kayan kiɗa.

Habibu: Na yarda ana saurin liƙa suna. A 1989 ma kyautar Grammy ta ɓangaren da ya haɗa da metal ƙungiyar Jethro Tull aka miƙa wa, masu busa sarewa da ba 'yan metal ba, aka bar Metallica, fitacciyar ƙungiyar metal, a tsaye. Masu raba sunaye ba kullum suke sauraro ba, kanti ne ke neman inda zai jera faifai. Amma Malam, kuskuren mai lakabi ba ya goge tarihi. Mai gita Chris Poland da mai ganga Gar Samuelson daga ƙungiyar jaz ta zamani suka shigo ƙungiyar metal ta Megadeth, kuma hannunsu a fili yake a faifan 1986. Alex Skolnick, mai gitar ƙungiyar metal ta Testament, komawa makaranta ya yi a New York ya karanci jaz.

Malam Isuhu: Da ya tashi kaɗa jaz ɗin kuma sai ya kafa wata ƙungiyar daban ta mutum uku. Shi kansa ya san gida biyu ne.

Zainab: To ƙungiyar Shining ta ƙasar Nowe fa? Da jaz suka fara, da saksafon ɗinsu, sannan suka gangaro metal, su da kansu suka raɗa wa faifansu na 2010 suna Blackjazz. Ba ɗan jarida ne ya liƙa musu ba.

Malam Isuhu: Waɗannan kam na sallama miki su. Amma a kan Cynic ban motsa ba. Habibu, samo mana wasansu biyu na dandamali a dare daban-daban, waƙa ɗaya, mu ji ko mai ganga ya sauya hanya don amsa wa mai gita.

Habibu: Zan nemo, Malam. Kai ma kafin nan ka koma wa farkon "Wicked World", ka sa kunne a kan Bill Ward kaɗai.