Me ya sa hasken wata ba ya fuskantar inda rana take?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. Malamai, idan wata ya kwana goma akan gan shi a gabas tun kafin magariba, alhali rana ta sunkuya a yamma. Tun da daga rana yake samun haske, na ɗauka ɓangarensa mai haske zai kalli ƙasa, wajen da take faɗuwa, amma sai in ga yana kallon sama. Mene ne dalili?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. A ganina wurin da mutum yake tsaye ne. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin ikwaita da ya raba duniya gida biyu, Landan kuwa ta haura digiri 51, shi ya sa jinjirin wata a wurinmu yakan fito a kwance, a Ingila kuma sau da yawa a tsaye.

Malama Hadiza: Malam Sani, bayaninka gaskiya ne game da kwanciyar jinjiri, sai dai bai amsa tambayar ba, domin mutanen Landan ma suna ganin abin da ɗan'uwanmu ya gani. Matsalar tana ga yadda ido yake karanta miƙaƙƙen layi mai tsawo. Ka tsaya kusa da doguwar wayar lantarki da ta miƙe daga gabas zuwa yamma: idan ka dubi gabas za ka ga tana hawowa wajenka, idan ka juya yamma za ka ga tana gangarawa, alhali ba ta lanƙwasa ba. Haka hanyar da hasken yake bi daga rana zuwa wata take bayyana gare mu. Tana hawa daga yamma, ta bi ta saman kanmu, sannan ta sauko wa wata daga bisa.

Ɗan Gwale: Malama, ashe ba nisa ne ya jawo hakan ba?

Malama Hadiza: Nisa yana ƙara ruɗin. Wata yana da nisan kusan kilomita 384,000, rana kuwa kusan miliyan 150, wato ta ninka shi sau 400 ko kusa da haka, amma ido yana ɗaukarsu kamar nisansu ɗaya. Ka gwada da kanka: riƙe doguwar igiya da hannu biyu, ka ja ta sosai, ka daidaita bakinta ɗaya da wata, ɗayan da inda rana take, ba tare da ka ƙura wa ranar ido ba. Za ka ga igiyar ta fito daga tsakiyar ɓangaren mai haske daidai.