Ta yaya Jacques Callot ya cusa ɗaruruwan mutane a faranti ɗaya?

Ɗalibar Zane: Salamu alaikum malamai. Ina duba zanen kasuwar Impruneta, wani gari kusa da Florence a Italiya, wanda mai zane Jacques Callot ya buga daga farantin jan ƙarfe a 1620. Mutanen gaba baƙi ƙirin, na nesa kuma kamar cikin hazo, alhali tawada ɗaya ce. Da ƙarfe ya sassaƙa jan ƙarfen, ko yaya?

Mai Ɗab'i: Wa alaikumus salam, Malama. Asid ne ya yi masa cin. Ana goge farantin jan ƙarfe tas, a ɗumama shi, a shafe da fenti mai hana asid shiga, a turara da hayaƙin kyandir ya yi baƙi don a ga layi. Sai a zana da allura, ba a huda ƙarfen, fentin kawai ake karcewa. Inda aka karce nan asid zai ci.

Sirrin hazon shi ne ci hawa-hawa. A zuba asid na ɗan lokaci, a wanke, a busar, a rufe layukan nesa da haɗin kitse da mai, a sake zubawa. Layin da ya fi daɗewa a asid ya fi zurfi, ya fi riƙe tawada, shi ne baƙin gaba. Wanda ya rufe faranti bai gama bushewa ba, asid zai bi ƙarƙashi ya haɗe layuka.

Tsohon Malami: Haka ne, amma an tsallake babban abu. Kafin Callot fentin na kakin zuma ne, mai laushi, yana ɓanɓarewa, asid ya ɗiga ya bar ɗigo-ɗigo inda ba a so. Wa zai kashe watanni kan farantin da zai iya lalacewa a zubi ɗaya? A Florence ya ɗauko fentin masu ƙera kayan kiɗa na tsirkiya, haɗin ƙaron bishiyar mastik da man ƙwayar tsiron linsid, wanda ke bushewa da tauri ya jure zubi da yawa.

Sai allurarsa, échoppe. Bakinta a yanke yake a karkace, siffar ƙwai. Kina murza ta tsakanin yatsu layi na kumbura yana tsukewa. Mai zanen ɗab'i Abraham Bosse ya bayyana dabarun nan a littafinsa na 1645.

Ɗalibar Zane: Na gode ƙwarai. To Bafaranshe ne ko ɗan Italiya?

Tsohon Malami: Haifaffen Nancy ne, babban birnin Lorraine, kuma Lorraine a lokacin tana da sarautarta daban da Faransa. Ya koma gida a 1621, ya rasu can a 1635. Ki nemi jerin zanensa 18 kan bala'in yaƙi na 1633, ki sa gilashin ƙara girma a kan bishiyar da aka rataye sojoji. Kowane farantin bai kai tsawon taƙi ba.