Kris ɗin da ke tutar Moro: wuƙa ce ko takobi?

1/ Jama'a, ina neman taimakon masu Hausa a baki. Kwana uku ke nan ina rubutu a kan tutocin Moro, wato Musulmin kudancin Filifin, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: kris, sunan wani makaminsu na gargajiya.

2/ Ba yadda za a yi in tsallake ta, domin kusan duk tutar da na duba tana nan. Tutar yankin Bangsamoro da aka amince da ita a 2019 kore ce a sama, fari a tsakiya, ja a ƙasa. A tsakiyarta akwai jinjirin wata da tauraro mai tsini bakwai, kris kuma yana kwance a cikin jan. Tutar MNLF, ƙungiyar fafutukar 'yancin Moro ta Nur Misuari, ja ce mai wata da tauraro da kris. Wata tsohuwar tutar Masarautar Sulu ita ma ja ce, da taurari biyar a kusurwa, ga kris da mashi.

3/ Da farko "wuƙa" na rubuta, don haka ƙamusoshin Turanci suke fassara shi. Amma wannan fassarar ta fi dacewa da na mutanen Jawa da ke Indonesiya, wanda gajere ne, na suka. Na Moro dogo ne, ruwansa ya haura kamu guda, kaifi biyu gare shi, faffaɗa daga gindi, kuma sara ake yi da shi. Wani ruwansa miƙaƙƙe ne, wani yana lanƙwashewa kamar maciji a tafe.

4/ Abin da ya fi damuna shi ne yadda kunnen Bahaushe zai ɗauki maganar. Ka ce wa mutum "tutarsu tana da wuƙa", nan take mahauci zai faɗo masa a rai, ko 'yan daba. Alhali mutanen nan sun shafe sama da shekara 300 suna fafatawa da Sifaniyawa, sannan Amurkawa suka zo. A watan Maris na 1906, a kan dutsen Bud Dajo da ke tsibirin Jolo, sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwansu, har da mata da yara. A 1913 aka sake gwabzawa a Bud Bagsak. Jikokin waɗannan bayin Allah ne suka ɗora makamin kakanninsu a tuta, makamin da ake gado, ake ƙawata ƙotarsa da azurfa da hauren giwa gwargwadon darajar mai shi. In na kira shi wuƙa na zalunce su da alƙalamina.

5/ Takobi kuwa mun san nauyinsa. Bakatsine ya san abin da Gajere, takobin sarautar Katsina, yake nufi a gidan Korau: ba don yanka ake fito da shi ba, sarauta ce da kanta. A wannan matsayin kris yake zaune a tutar Moro.

6/ Na ga shawarwarinku. Wani ya ce adda. Adda ta gona ce, a bar ta can. Wani ya ce kansakali, kalma mai daɗi, sai dai ba ta ƙara komai a kan takobi ba. Wani malami ya ce a kira shi Zulfiƙari kawai. Allah ya gafarta malam, a nan ban bi ka ba. Takobin Sayyidina Ali tsininsa a rabe yake biyu, alama ce mai zaman kanta da ake gani a tutocin Daular Usmaniyya har zuwa tsibiran kudu maso gabashin Asiya. In muka haɗa su a suna ɗaya, mun toshe wa mai karatu hanyar gane wacce alama ce ta zo daga tarihin Musulunci baki ɗaya, wacce ce ta ƙasar Moro.

7/ "Takobi" shi kaɗai ma bai wadatar ba, domin suna da kampilan dogo, suna da barung mai siffar ganye, kowanne da mutanen da suka fi riƙe shi. Dole a raba.

8/ To me zai hana mu Hausantar da kris ɗin, mu ce "kiris"? Na gwada. Yawancinmu ba ma sa lanƙwasa a waya, don haka "takobin kiris" zai koma takobin ƙiris, ɗan mitsitsi. Na yi tunanin "mai tafiyar maciji", amma miƙaƙƙen fa?

9/ Ga inda na tsaya. Mutanen Tausug na Sulu "kalis" suke cewa, kuma kalmar ta zauna daram a bakin Bahaushe, ba sai an taɓa ta ba. Saboda haka: takobin kalis, jam'i takubban kalis. Bayan ambaton farko sai a ce kalis kawai. Ƙabilun Moro na Magindanawo da Maranawo suna cewa "sundang", wanda ke rubutu a kansu ya faɗi hakan.

10/ Ga jimlar kamar yadda za ta fito a rubutuna: "A ƙasan jinjirin watan akwai farin takobin kalis, kwance a kan ja." Ku karanta ta da ƙarfi, in ta yi muku tuntuɓe a harshe ku faɗa mini kafin Juma'a.