Gili Trawangan: Abin da Waɗanda Suka Je Suka Ce

Hirar da waɗanda suka taɓa zuwa suka yi ta fi karkata ne kan yadda Gili Trawangan, ɗan tsibirin nan da ke gefen Lombok a Indunusiya, ya sauya kama. Da can mazaunansa masunta ne da masu noman kwakwa, 'yan ƙabilun Sasak da Bugis, Musulmi. Daga shekarun 1980 matasan Turawa masu yawo da jakar goyo suka fara sauka, masu gida suna ba su ɗaki da ɗan kuɗi kaɗan. Yau bakin teku ya cika da otal, mashaya da makarantun koyon nutso.

Shawarar da kowa ya nanata ita ce ta sutura: kayan wanka na bakin ruwa ne, ba na cikin ƙauye ba, domin masallatai na nan, ana kiran salla. Ni ma nan na fi ba su gaskiya. Baƙo ba ya fin mai gida sanin gida.

Babu mota ko babur mai fetur, sai keke da keken doki da suke kira cidomo. Wasu sun ce a taka da ƙafa kawai, don dawakan na shan wahala, kuma cikin awa biyu ka zagaye tsibirin.

Ruwan daɗi na da wuya, shara kuma ta taru a tsakiyar tsibirin, don haka a riƙe gora ana sake cikawa. Kada a taka murjani, wato halittun nan masu kama da dutse na ƙarƙashin teku, wanda kamun kifi da nakiya ya riga ya illata.

Mai son shiru, suka ce, ya tsallaka Gili Meno, tsibirin da ke kusa.