Laftof ɗin makarantarmu ta tsufa, shin in sa mata Linux Mint?

Malamar Islamiyya, Nima

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata Islamiyya a unguwar Nima da ke Accra, kuma laftof ɗin makarantar a hannuna take, tsohuwar HP ce mai RAM giga 4. A cikinta nake ajiye sunayen ɗalibai, da lissafin kuɗin da iyaye ke turowa ta MoMo (tura kuɗi ta waya), da takardun jarrabawa na Larabci da Hausa. Tun da Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 hankalina bai kwanta ba, ga Windows 11 ta ƙi hawa kanta saboda ba ta da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da Windows 11 ke buƙata. Sayen sabuwa kuwa ba ya cikin lissafi, albashin malamai ma da ƙyar muke haɗawa.

Ɗan yayata ya ce in sa Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, wai kyauta ce. Ni dai Larabcin ne damuwata. In wasulla suka watse, ko rubutu ya juyo daga hagu, aikina ya tsaya ke nan. Don Allah wanda ya taɓa amfani da ita ya faɗa min gaskiya.

Mai gyaran kwamfuta a Circle, Accra

Wa alaikumus salam, Malama. Giga 4 ya ishe ta, amma Linux Mint iri-iri ce, ki ɗauki ta Xfce, ta fi ta Cinnamon sauƙi a kan tsofaffin injuna. Kada ki goge komai tukuna. Ki sauke ta daga shafin Linux Mint, ta kusa giga 3, don haka ki nemi wifi. A ɗora ta a filash mai giga 8 da manhajar Rufus, ki kunna laftof ɗin kina danna F9, ki zaɓi filash. Za ta buɗe ba tare da ta taɓa Windows ɗinki ba. A nan za ki gwada wifi da sauti da firinta. Wasu HP ɗin katin wifi ɗinsu na Broadcom ne, sai an jona wayar intanet an shiga manhajar Driver Manager kafin ya tashi.

Ranar da za ki sa ta, ki kwashe fayilolinki zuwa wani filash daban. In batirin ya mutu kuma, a nemi inda wuta ke tsaye, don dumso, wato ɗaukewar wuta, a tsakiyar aiki kan lalata komai.

Ɗalibi daga Aboabo, Kumasi

Malama, da ita nake rubutu kullum. LibreOffice Writer, makwafin Word, yana zuwa a cikinta. Ki shiga saitin harsuna ki kunna Complex text layout, ki zaɓi Larabci, maɓallin rubutu daga dama zai fito a sama. Ki ƙara salon rubutun Amiri, fatha da kasra da shadda suna zama daram a kansa. A saitin kibod kuma akwai Hausa ta Gana da ta Nijeriya, ɓ da ɗ da ƙ duk suna nan, ba sai kin je kina kwafowa daga intanet ba.

Malamar Islamiyya, Nima

Allah ya saka da alheri, ƙanina. To tsofaffin takarduna na Word fa? Na shekaru ne, ba zan iya sake buga su ba.

Baba mai buga takardu, Mamobi

'Yata, za su buɗe, amma ba duka za su fito yadda kika bar su ba. Masu tebur da yawa, irin takardar sakamako, layukansu kan goce, musamman in salon rubutun da kika yi amfani da shi na Windows ne. Ki zaɓi guda uku mafi wahala ki buɗe su tun daga filash ɗin nan, ki gani da idonki. Abin da za ki kawo mana bugu kuma ki mai da shi PDF, ta haka ba abin da zai motsa. In kuma da CorelDRAW kike yin shahadar yaye ɗalibai, shi ba ya aiki a Linux, sai ki koyi manhajar zane ta Inkscape ko ki bar Windows a gefe guda na faifan don wannan aikin.