Taraktata tana kasa ɗaga garma idan mai ya yi zafi, ku taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kaina ya ɗaure. Tarakta ce ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ta fi shekara 40 tana aiki, a kanta na koyi tuƙi. Bayan rasuwarsa ta yi shekara 2 a waje ba rumfa, saboda ni da yayana mun kasa daidaitawa kan wanda zai riƙe ta, sai bana ya sakar mini. Da safe tana ɗaga garma lafiya lau. Amma da an yi awa ɗaya ana huɗa sai hannuwan baya su soma rawa, ɗagawar ta mutu, giyabos ya ɗauki zafin da ba ka iya ɗora hannu. Na sa sabon famfon haidirolik, shiru. Ga lokacin huɗa yana wucewa.

Tsohon makanike: Wa alaikumus salam. Yaro, ba ka faɗi samfurinta ba, ba ka faɗi man da ke ciki ba. Amma famfo ka sauya a banza. Yawancin tsofaffin taraktoci mai ɗaya ne ke zagaya giya da ƙafar baya da haidirolik. Zaro sandar gwajin mai ka duba. In ya yi fari kamar madara, ruwa ne ya shiga, kuma abin da ya kwana a waje shekara 2 ba ya rasa ruwa. In kumfa ka gani, iska famfon yake zuƙa. Ka wanke ragar tace man da ke bakin famfo?

Mai tambaya: Baba, man bai yi fari sosai ba, kaɗan ne. Kuma na ƙara masa baƙin man inji, haka marigayi yake yi.

Mai gonar haya: Kayan gyaran yanzu ma ai abin tsoro ne. Sau biyu ina sayen famfo, kwali mai kyau, ciki jabu. Na biyun ko wata bai yi ba, wanda ya sayar mini ya daina ɗaga wayata. Ƙila naka ma haka ne.

Tsohon makanike: Ba jabu ba ne. Ruwa ko kaɗan ne yana cin famfo. Juye man gaba ɗaya yana da ɗumi, ka buɗe duk ƙusoshin juyewa na ƙasa, don ba ɗaya ba ne. Ka zuba wanda littafinta ya ce. In irin wadda birkinta ke cikin mai ce, UTTO take so, wato man tarakta na giya da haidirolik da birki, wani man daban zai sa birki ya riƙa ƙara. Sannan in irin Massey Ferguson 165 ce mai Multi-Power (giyar da ake sauyawa ana tafiya ba taka kuloci), akwai ƙaramar kular mai, wato abin sanyaya mai, a gaban lagireto. Haska tocila ta bayanta: in haske bai ratso ba, ƙaiƙayi da ƙura sun toshe ta, a hure da iska.

Direban tarakta: Ni dai dizal nake zubawa in kunna minti biyar ya wanke dattin. Ban taɓa samun matsala ba.

Tsohon makanike: Kada ka soma, dizal ba ya riƙe ƙarfe. Ga gwaji: ɗaga garma ka kashe inji. In ta sauko da sauri, zoben fistan na silindar ɗagawa ya ci, mai na zafi ya tsinke yana sulalewa ta gefe. In kuma kana jin fito siriri hannuwa suna sama, bawul ɗin rage ƙarfi ne ke buɗewa ba tsayawa, shi kaɗai ya isa ya dafa mai. A sa geji a auna.

Wata manomiya: Ɗan'uwa, don Allah kada ka shafa tiyo da hannu neman yoyo inji na aiki. Man na iya huda fata, kuma sai asibiti nan take. Kwali ake karawa. Kada kuma ka shiga ƙarƙashin garma tana sama.

Mai tambaya: Na gode Hajiya. Baba, ni fa har yanzu ina ganin famfo ne matsalar, tsohon da na cire duk ya sha. Juye mai duka kuma ba ƙaramin abu ba ne a yanzu. Ba zan iya tace shi da ƙyalle in mayar ba?

Tsohon makanike: Ƙyalle ba ya tace ruwa. Faɗa mana samfurinta tukuna.

Mai tambaya: Lambar ta goge da tsatsa. Zan tambayi yayana in ya ɗauki waya.