Digirin Tarihi da Buhun Shinkafa

Nura Jega: Salamu alaikum 'yan ajinmu. Ƙanena ya samu gurbin karatun Tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Baba ya ce asarar kuɗi ce, gara ya zauna shago. Ni kuma na ce wanda ya karanta tarihi ko harshe ya fi mai digirin akanta iya riƙe kasuwanci. Ku raba mu.

Kabiru: Baba ya fi ka gaskiya. Alhassan Dantata bai yi boko ba, goro da gyaɗa suka ɗaga shi. Dangote kuwa kasuwanci ya karanta a Azhar ta Masar. Ina tarihi ya shigo nan?

Hajiya Rabi: Malam Kabiru, lissafin riba ai a wata uku ake koyonsa. Ni Hausa na karanta, kuma sarin shanshera nake yi tun lokacin da aka ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a nan Kebbi a 2015. Wata shekara wani kamfanin casa ya kawo wa ƙungiyarmu ta mata takardar yarjejeniya shafi huɗu. Kowa ta ga farashi a shafin farko ta fara neman biro. Ni na tafi da ita gida, bayan isha'i na bi ta layi-layi yadda aka koya mana warware baitin waƙa. Can ƙasan shafi na uku aka ce su kaɗai za su auna danshin shinkafar, su rage kuɗi yadda suka ga dama. Muka ƙi sa hannu sai da aka yarda a auna a gabanmu.

Kabiru: Hajiya, wannan aikin lauya ne.

Hajiya Rabi: Da kuɗin wa za mu ɗauko shi?

Usman Kamba: Ku zo Kamba ko Dole Kaina ranar kasuwa ku gani. Mutumin Nijar da na Binin suna ciniki da Zabarmanci da Dandanci, takardunsu kuma da Faransanci. Da na zaɓi Faransanci an yi ta yi mini dariya. Tafinta na fara yi wa wani alhaji, yau ni ke kai albasar Aliero da kaina. Shi ma Jack Ma, attajirin nan na ƙasar Sin, malamin Turanci ne kafin ya kafa kamfanin Alibaba a 1999.

Kabiru: Kullum Jack Ma! Je ka tashar Birnin Kebbi ka ƙirga masu digirin adabi da ke kabu-kabu, sannan mu yi magana. Kai ma iyaka ce ta rufa maka asiri.

Malam Bello: Yarana, na daɗe ina karanta ku. Kabiru bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin hanya. A Amurka ɗalibin tarihi yakan haɗa da darasin ƙididdiga ko tattalin arziki, kuma ana sa shi rubutu da gardama har ya gaji. Mu nan yaro sai ya haddace takardar malami, ya juye a jarrabawa, ya manta. Irin wannan ko akanta ya karanta ba zai riƙe shago ba. Amma wanda ya san yadda gwamnatoci ke buɗe iyaka su rufe, da aka rufe ta a Agustan 2019 shinkafa ta yi tsada, ya san ba dawwama za ta yi ba. Aka fara buɗewa a Disambar 2020.

Kabiru: Allah ya gafarta Malam, wannan kakana ma ya sani, kuma allo kawai ya yi.

Nura Jega: Na karanta wa Baba duka. Ya ce yaro ya tafi Sakkwato, amma duk hutu yana shago, kuma littafin bashi a hannunsa zai zauna.

Kabiru: Turo mini shi da kaka. Mu ga ko ɗan tarihi zai iya ƙirga buhu ɗari uku a bayan tirela.